Yadda za ka bi da yaron da ba ya nutsuwa a aji, ka kuma tsare shi daga haɗari

Assalamu alaikum malamai 'yan'uwana. Tun bayan bitar da muka yi ta ƙarshen zango nake ta samun tambaya iri ɗaya, wani ya kira, wata malama ta turo saƙo ta WhatsApp, wani ma a kasuwar Gujungu ya tare ni muna tsaye wajen masu albasa, wai Malam yaron nan da ba ya zama waje ɗaya ya za mu yi da shi ne, an doke shi an gaji, an kira ubansa an gaji, kullum jiya-i-yau. To na ga gara in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya samu. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye a ƙasar Ringim, ƙananan aji nake riƙewa, yaran a ƙasa suke zama kan tabarma kuma yawansu ya fi ƙarfin ido ɗaya, don haka abin da zan faɗa ba na makarantar kuɗi ba ne mai fanka da yara ashirin, na irin ajinmu ne.

Da gangan na haɗa maganar nutsuwa da maganar tsaro. Yaron da hankalinsa ba ya tsayawa a kan allo shi ne dai wanda ba ya duba kwalta kafin ya tsallaka, shi ne zai leƙa rijiya, shi ne zai bi ɗan akuya har bakin kududdufi bai san ya yi nisa ba. Kuma don Allah a bi matakan a jere yadda na sa su, kar a fara daga na takwas.

Kayan da za ka tanada

Littafin rubutu guda ɗaya mai shafi 40 wanda ba za ka rubuta komai a ciki ba sai wannan aikin, biro, usur, igiya mai ɗan tsawo, bokiti mai murfi da kofi, sabulu, sai ɗan akwati ko gwangwani mai murfi da za a sa auduga, filasta, bandeji, safar hannu ta roba da ledar ORS (garin gishiri da sukari na gudawa). Littafi da biro da usur daga aljihunka ma za ka iya, ba su kai kuɗin mota zuwa Kano ba. Bokiti da kayan akwati ka rubuta ka kai wa hedimasta ya gabatar a zaman SBMC, wato kwamitin mutanen gari mai kula da makaranta. Abin da yake cin kuɗi na gaske shi ne murfin rijiya, gyaran bakin masai da shinge, shi kuma aikin gari ne, in an yi magana da mai unguwa da liman sau da yawa wani zai kawo itace wani siminti rabin buhu, matasa su yi aikin gayya. Farashi kam kar ka rubuta na bara, ka je ka tambaya ranar kasuwa sannan ka kai lissafi.

A kula: kar ka sa ƙwayar magani a akwatin nan. Ba aikinmu ba ne ba ɗan wani magani.

Mataki na 1: Zagaya makarantar da ƙafarka

Kafin ka taɓa maganar yaro, fara da wajen. Ka zo da wuri wata rana kafin a kaɗa ƙararrawa, ka ɗauki littafinka ka zagaya, kuma ka riƙa durƙusawa kana kallo daga tsawon ɗan shekara shida, zaka yi mamakin abin da babba ba ya gani. Rijiya tana da murfi? Bakin masai ya tsage ko ramin ya yi faɗin da ƙafar yaro za ta zurma? Akwai kwanon rufi da iska ta yaye yana lilo? Ƙusa a jikin benci, fasasshiyar kwalba a bayan aji, katangar da ta jiƙe da damina ta fara rabuwa, ramin da aka haƙi ƙasar bulo ya tara ruwa, ciyawa mai tsawo inda maciji zai kwanta, tulin duwatsu ko tsofaffin bencina inda kunama take ɓuya. Ka rubuta duka, sannan ka ja layi ƙarƙashin guda uku da za su iya kashe yaro, su za a fara yi. A mafi yawan makarantunmu rijiya ce, da kududdufi, da titi.

Abin da ba za a iya gyarawa a satin nan ba a kange shi da ƙaya ko igiya, kuma ka kwashi yaran ka kai su wajen da kanka ka nuna musu iyaka, kar ka tsaya a asambuli ka ce "kar wanda ya je bayan aji", rabinsu ba su ji ba.

Wannan zagayen ba sau ɗaya ake yi ba. Farkon damina daban, hunturu daban (lokacin ne yara suke hura wuta da kara a bayan aji su ji ɗumi), bazara daban.

Mataki na 2: Ƙirga su, ka san mai ɗaukar kowa

Kiran rajista da safe kaɗai bai isa ba. Sau uku nake ƙirgawa: da safe, bayan an dawo daga tara, da kuma dab da tashi. Yaro yakan ɓace ne a lokacin tara, ya je sayen awara ko rogo ya bi wasu yara gida ko bakin ruwa, malami bai sani ba sai an tashi. In yara sun yi yawa ka raba su layi-layi, kowane layi da monitansa, shi zai ce maka "layinmu mun cika" ko "babu wane", cikin minti biyu an gama.

Lokacin tara lallai malami ɗaya ya kasance a fili da usur a wuya, a riƙa karɓa-karɓa. Kuskuren da muke yi shi ne duk mu taru ƙarƙashin darbejiya ɗaya muna hira, alhali lokacin ne aka fi jin ciwo.

Sai tashi. Ƙananan nan na ajin share fage da aji ɗaya, ka rubuta a bayan littafinka wanda kowanne yake tafiya gida da shi, yayansa ne, maƙwabciya ce, ko ayarin unguwarsu. Masu tsallaka kwalta a tara su waje ɗaya malami ya tsallakar da su, yaron nan naka mai rawar kai kuma hannunsa cikin na babba.

Gargaɗi: duk wanda ya zo ɗaukar yaro ba ka san shi ba, ko ya ce shi kawunsa ne, ko yaron ya gane shi yana murna, kar ka bayar sai ka ji daga gidansu. In ya ji haushi ba komai, ka ba shi haƙuri ka riƙe yaron.

Mataki na 3: Sati biyu kana kallo kana rubutawa

Yanzu mun zo kan yaron. Sati biyu kar ka canja komai, kar ka kira kowa, kallo kawai. Ka ba shi shafinsa, ka ja layi huɗu: rana da lokaci, me ake yi a aji, me ya yi, me ya biyo baya. Abin da idonka ya gani za ka rubuta, ba hukunci ba. "Ba ya ji" ba bayani ba ne. "Talata 10:30, ana kwafar rubutu daga allo, ya tashi sau huɗu, ya karɓe fensirin na kusa da shi, na tsawata ya zauna, bayan minti biyu ya sake tashi", wannan shi ne bayani.

Ka rubuta har da lokacin da ya nutsu, wannan ma ya fi amfani. Wani yaron zaka ga in ana waƙa ko ƙirga da duwatsu ba ka da kamarsa, da an ce a kwafi rubutu sai ya birkice, kaga wannan ya nuna maka inda za ka duba. Wani kuma kafin tara lafiya lau, bayan tara ne ake rasa kansa. Wani akasin haka.

Kuma kar idonka ya tsaya kan masu ƙiriniya kawai. Akwai mai shiru, galibi yarinya, tana can ƙarshen tabarma ba ta damun kowa, idonta na kan taga, in ka tambaye ta sai ta yi firgigit. Ita ma matsalar ce, sai dai da yake ba ta hana mu aiki sai mu ce mai kunya ce ko daƙiƙiya, ta yi shekara uku a haka har a cire ta a ɗora mata talla. Wallahi wannan ita ta fi tsaya min a rai.

Mataki na 4: Cire abubuwan da suke kama da rashin nutsuwa

Nan ne zan daɗe, don mafi yawan yaran da aka kawo min da sunan gagararru a nan muka tsaya ba mu kai ga sauran ba.

Yunwa. Ka tambaye shi a keɓe, cikin wasa, me ya ci da safe. Kar ka tambaya gaban yara. Yaron da ya fito ko koko bai sha ba kuma ba kuɗin tara, zuwa ƙarfe goma ko dai ya yi laushi ko ya fara neman faɗa.

Barci. Da yawa daga yaranmu sun yi karatun allo da asuba, bayan boko ga Islamiyya, da dare ga karatu ko talla ko gidan kallo, ga sauro ga zafi. Yaro ɗan firamare yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12. Kuma yaro in barci bai ishe shi ba, ba lallai ya yi gyangyaɗi irin na babba ba, wani ƙara zabura yake yi.

Kunne. Ka leƙa ko yana fitar da ruwa ko yana wari. Sannan ka gwada: ka tsaya bayansa inda ba ya ganin bakinka, ya toshe kunne ɗaya da yatsa, ka yi raɗa ka ce "taɓa hancinka" ko "ɗaga hannu", sai a juya ɗaya kunnen. Ka gwada wasu yara biyu su ma don ka kwatanta. Na taɓa samun yarinya da aka yi ta cewa kunnen ƙashi gare ta, ashe kunnenta na dama ne ya daɗe yana zubar da ruwa, kuma ta wannan gefen malami yake tsayawa.

Ido. Ka zana abu mai ƙafa uku irin harafin E a allo, wani ƙafafunsa sama, wani ƙasa, wani gefe, manya da ƙanana. Yaro ya tsaya kamar mita 6, ya rufe ido ɗaya da tafin hannu, ya nuna da yatsunsa inda ƙafafun suka kalla. In abokansa suna ganin layin da shi ba ya gani, ko yana ƙanƙance ido, ko kullum sai ya taso ya zo gindin allo, to ba yawo yake ba, gani yake nema.

Jini da tsutsa. Ka duba tafin hannunsa da cikin fatar idonsa ta ƙasa, in sun yi fari fat akwai alamar ƙarancin jini, zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki suna jawo shi. Mu da muke bakin kogin Haɗeja da wuraren noman rani sai ka ƙara da tambayar tsargiya, ko yana ganin jini a ƙarshen fitsari. Yara maza ba sa faɗa, wasu ma gani suke alamar girma ce. Cuta ce, daga wanka a ruwan kwance ake ɗauka, kuma tana da magani. In an zo rabon maganin tsutsa a makaranta ka tabbata yaron nan yana nan kuma ya ci abinci kafin ya sha. Mai sikila kuma ka san shi tun farko, ka bar shi ya sha ruwa ya fita fitsari duk lokacin da ya nema, kar a sa shi aikin wahala ko zama cikin sanyi.

Ɗaukewa. Wannan ku lura sosai. Akwai wata irin farfaɗiya da ba ta kayar da yaro, sai dai ya ƙame na 'yan daƙiƙu, ido a buɗe, wataƙila yana ƙifta ido ko motsa baki, sai ya dawo ya ci gaba kamar ba a yi ba, kuma tana iya zuwa sau da yawa a yini. Yadda za ka bambance: mai tunani in ka taɓa kafaɗarsa zai juyo, mai wannan ba zai juyo ba sai ta sake shi. In ka ga haka, tsallake kai tsaye zuwa mataki na 7 da na 8.

Damuwar gida. Yaron da da can lafiya lau yake sai kwatsam ya canja, ka tambayi abin da ya faru. An saki uwarsa? An yi rasuwa? An kai shi riƙo? Wani yana cin zalinsa a hanya? Rashin nutsuwar da aka haifi yaro da shi ba ya farawa rana ɗaya.

A kula: kai ba likita ba ne, duk wannan dubawa ce don ka san abin da za ka faɗa wa iyaye da ma'aikacin asibiti.

Mataki na 5: Canja wajen zama da yadda kake magana

Ko me ka gano a sama, wannan matakin za ka yi shi, kuma kyauta ne.

Ka dawo da shi gaba, kusa da inda kake tsayawa, nesa da ƙofa da taga, a gefen layi ba tsakiya ba yadda in ya motsa ba zai taka mutum biyar ba. Ka sa shi kusa da yaro mai sanyin hali, ba abokin ƙiriniyarsa ba. In a tabarma ne ka zana masa da'ira da alli ka ce nan ne gidanka, yara suna son wannan, har sauran za su ce a zana musu. Mun saba tura mai damu can baya don mu huta, to a baya ne yake lalacewa gaba ɗaya, daga nan sai taga.

Sai umarni. Mu malamai mukan ce "ku ɗauko littafi ku buɗe shafin da muka tsaya ku rubuta kwanan wata ku kwafi layi uku na farko", abu huɗu kenan a numfashi ɗaya, shi na farkon kawai ya kama. Ka matso, ka kira sunansa, ka bari ya dube ka, ka faɗi abu ɗaya, ka ce ya maimaita maka. In ya yi sai na biyu. Kar ka yi masa magana daga ƙarshen aji kana kallon allo.

Aikin ma ka yanka shi. In yara za su yi lissafi goma, shi ka ba shi uku ya kawo ka duba ka ba shi uku. Tasowar da yake yi ya kawo maka ita kanta magani ce, ya motsa da izini. A ƙananan aji ni ba na wuce minti goma ina bayani ba tare da na sa su sun yi wani abu da jikinsu ba, tafi, waƙar ƙirga, a miƙe a taɓa kai a taɓa gwiwa a zauna. Ba ɓata lokaci ba ne, duk ajin ne yake dawowa.

Ku yi wata alama tsakaninku, kai da shi kawai. Misali in ka ƙwanƙwasa allo sau biyu ko ka taɓa kunnenka, ya san da shi kake. Ya fi ka yi ta kiran sunansa sau ashirin a yini har yara su mayar da sunan abin tsokana.

Kuma tsarin yini ya zama iri ɗaya kullum, in za a canja darasi ka sanar tun da saura kaɗan.

Mataki na 6: Ba shi aiki, ka gyara yabo da horo

Ƙarfin da yake jikinsa sai ya fita, ko ta hanyar da ka zaɓa ko ta wadda ya zaɓa. Ka naɗa shi mai goge allo, mai raba littafi, mai ɗauko alli daga ofis.

Gargaɗi: kar ka aike shi waje da makaranta, kar ka sa shi ɗebo ruwa a rijiya ko tsallaka titi sayo maka wani abu. Aiken cikin makaranta kawai, inda idonka yake kaiwa.

Yabo kuma nan take ake yi, a faɗi abin da ya yi: "Na ga ka gama ukun nan ba ka tashi ba, madalla." Yaron nan tun da ya fara wayo "kai", "bari", "zauna" yake ji, ranar da ya fara jin madalla zaka ga yadda fuskarsa take. Ka zaɓi hali ɗaya tak da kake so ya gyaru a sati, misali ɗaga hannu kafin magana, duk ranar da ya yi ƙoƙari ka sa masa alama a littafinsa ya kai gida.

Na san za a ce min icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haka ne, amma tanƙwarawa aka ce, ba karyawa ba. Ku da kuka tambaye ni ku ne kuka ce an doke shi an gaji, to da bulala tana yi ai da ba ku tambaya ba. Yaron ya san dokar, riƙe kansa ne yake gagararsa a daidai lokacin, duka kuma ba ya koya masa wannan, abin da yake koya masa shi ne ƙarya da gudun makaranta, yaron da ya gudu daga makaranta kuwa bakin ruwa yake tafiya ko tasha. In ya yi laifi horon ya zama gajere, nan take, kuma iri ɗaya kullum: ya zauna gefenka minti kaɗan, ya gyara abin da ya ɓata, ya ba wanda ya zalunta haƙuri, shikenan a wuce.

Kar ka hana shi fita tara a matsayin horo, in ka hana shi cin abinci da guje-guje, ajin bayan tara kai za ka sha wahalarsa. Kar ka kore shi waje shi kaɗai ba mai kallonsa. Kar ka sa monita ya doke shi. Kamun kunne da tsallen kwaɗo a rana tsaka a watan Afrilu kuwa haɗari ne sosai.

Mataki na 7: Zama da iyaye

Bayan kamar wata ɗaya kana da abin nunawa a littafi. Kar ka aika yaro da "ka ce babanka ya zo", uban zai zo da tsumagiya a hannu. Ka je da kanka bayan la'asar, ku zauna a zaure, ko ka same shi bayan sallah. Ka fara da alherin yaron, gaskiya ba daɗin baki ba: "Malam, ɗan nan naka yana da kaifin ƙwaƙwalwa wajen ƙirga, akwai dai abin da nake so mu haɗa hannu a kai." Sannan ka yi tambaya fiye da yadda kake bayani: a gida ma haka yake? A makarantar allo fa? Tun yaushe? Yana yawan jin ciwo? Ƙarfe nawa yake kwanciya?

Amsoshin nan yawanci suna wajen uwa ko kaka, don haka malama ta shiga cikin gida ta ji daga bakinsu, in makarantarku ba malama a nemi wata dattijuwa daga SBMC.

Kar ka furta kalmar taɓin hankali, kar ka ce tarbiyya ce ba a ba shi ba. In suka ce iska ce ko sammu, kar ka tsaya musu, ka ce addu'a kam a ci gaba da yi, a haɗa da zuwa asibiti, neman magani ai bai saɓa wa tawakkali ba. Abin da za ka roƙa ƙanana ne: ya karya kafin ya fito ko da ɗumame ne, ya kwanta da wuri cikin gidan sauro, a daina aikensa bakin ruwa shi kaɗai, a rage duka.

Mataki na 8: Yaushe ake zuwa asibiti

Kunne mai ruwa, rashin gani, fitsarin jini, alamar ƙarancin jini, ɗaukewa, waɗannan ba jira, a fara da ƙaramin asibitin da yake kusa, su za su tura gaba in ya fi ƙarfinsu.

In kuwa an duba duk wannan lafiya, ka yi mataki na 5 da na 6 zango guda, abin yana nan a makaranta da gida, to akwai lalurar da likitoci suke kira ADHD, wato ƙarancin nutsuwa da yawan zabura. Kusan yara 5 cikin 100 suna da ita a duniya, kaga a babban aji da wuya a rasa. Ba a tabbatar da ita sai alamun sun kai wata 6, sun fara kafin shekara 12, ana ganinsu a waje fiye da ɗaya, kuma suna hana yaron karatu ko zama da mutane. Likita ne yake tabbatarwa, irin na Asibitin Malam Aminu Kano, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko na Kazaure. Ka kwafe abin da ka rubuta a takarda ka ba uban ya tafi da ita, likita zai ga yaron na ɗan lokaci ne, kai ka gan shi wata uku. Kuɗin mota da na kati da na yini su ne suke hana iyaye zuwa, ka faɗa musu gaskiya su shirya, in ba hali a kai maganar SBMC ba tare da an tallata sunan yaron ba.

Gargaɗi babba: kar a je kemis a sayo maganin mura mai sa barci ko wata ƙwaya wai don yaro ya lafa. Ana yi, kuma cutarwa ce.

Mataki na 9: In abu ya faru

Lambar ma'aikacin asibitin garinku da ta mai babur ɗaya amintacce su kasance a bangon littafinka tun yau, ba a fafe gora ranar tafiya.

Yaro ya faɗi yana jijjiga: ka janye yara da bencina, ka sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kansa, ka duba agogo. Kar a sa masa cokali ko yatsa a baki, kar a danne shi, kar a ɗura masa ruwa. Da ta lafa a kwantar da shi ta gefe. In ta wuce minti 5, ko ta sake dawowa, ko wannan ne karo na farko, asibiti. Kuma ka faɗa wa yara ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu ko ta taɓawa, don kar su guje shi gobe.

Haɓo: ya zauna ya sunkuyar da kai gaba, a matse tattausan hancin minti 10. Ba a ɗaga kai sama.

Ƙuna: ruwa mai sanyi a yi ta zubawa kamar minti 20. Ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da toka.

Maciji: kar a tsaga, kar a tsotsa, kar a ɗaure tamau. A hana shi tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa asibiti. Harbin kunama ma a ƙaramin yaro ba abin rainawa ba ne.

Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, musamman da bazara, ka ɗauka sanƙarau ne har sai asibiti sun ce ba shi ba.

Ba a ga yaro ba: malami ɗaya ya tsaya da aji, saura su fara da ruwa, rijiya, masai, sannan titi, a aika gidansu a lokaci guda. Kar ka jira tashi wai ko zai dawo.

Sai mai nauyin. In yaro ko yarinya ta faɗa maka wani yana taɓa ta, ko ka ga ciwon da bai yi kama da na wasa ba, ka saurara a natse, kar ka yi ta tono da tambaya, kar ka ce ƙarya ne, kar ka yi alkawarin ɓoyewa. Ka rubuta kalmominta yadda ta faɗa, ka kai wa hedimasta a ranar, a sanar da iyaye in ba su ake zargi ba, da jami'an walwala na ƙaramar hukuma da 'yan sanda. In fyaɗe ne a kai asibiti cikin awa 72, akwai maganin kariya da ba ya aiki in an wuce haka. Jigawa tana da dokar kare yara tun 2021, Kano tun 2023, wannan ba maganar da ake kashewa a zaure ba ce. Mu kanmu kuma, kar malami ya keɓe da yaro a aji ƙofa a rufe, ko gwajin kunnen nan da na ce, a yi shi inda ake ganinku.

Mataki na 10: Miƙa wa malamin gaba

Ƙarshen kowane zango ka buɗe shafin yaron ka kwatanta da satin farko, abin da ya yi aiki ka riƙe, wanda bai yi ba ka sauke ka gwada wani. In zai wuce aji, ka zauna da malamin da zai karɓe shi minti goma kafin a dawo hutu, ka faɗa masa inda yake zama, alamar da kuka saba, aikin da yake so, wanda yake raka shi gida, da kunnen da ya fi ji da shi in akwai wannan. Littafin kuma ba a barinsa kan tebur inda yara ko baƙi za su buɗe, a ajiye shi a durowar ofis mai makulli, in za a ba wani ya karanta to hedimasta ne ko iyayen yaron ko likita.